Lanƙwasar da ke ɓacewa a hanya

Wani mai shagon kwamfuta a Tambuwal ya taɓa turo mini takarda ta imel ina Kebbe, ya sa mata suna "ƙididdiga". Da ta iso, sai ga "Æ™ididdiga". Cikinta lafiya lau, sunan ne ya sha kashi. Ban ga laifin yaron ba, ciwon ya girme shi.

Da aka tsara ASCII, tsarin lambobin haruffan kwamfuta, a Amurka a 1963, gurbi 128 kawai aka tanada, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. A kansa aka gina ƙa'idar imel ta 1982. Liƙa fayil a jikin wasiƙa bai samu tsayayyen tsari ba sai 1992, da Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka fito da MIME. A shekarar ce kuma Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro UTF-8, wanda ke rubuta ƙ da lambobi biyu, C6 da 99. Kwamfutar da ta karanta su ɗai-ɗai da tsohon tsarin Windows, Æ da ™ za ta nuna.

Mu kuwa a nan dabara muka yi. Fon irin su Rabi'at suka ari maɓallan da ba mu cika taɓawa ba, shi ya sa har yau ake tsintar "}asa" da "]aki" a tsofaffin kundayen digiri. A kan takarda abin ya yi kyau. Amma sunan fayil ba ya tafiya da fon ɗinsa.

Rikicin ya fi daɗewa a wajen sunan. Ƙa'idar RFC 2231 ta 1997 ta fayyace yadda za a rubuta shi, sai manhajoji da yawa suka yi kunnen uwar shegu, suka ci gaba da aron hanyar RFC 2047, wadda aka yi domin kan wasiƙa. Outlook ma sai a fitowar 2007 ya fara gane ta farkon. In mai aikawa da mai karɓa suka saɓa, ko uwar garken da ke tsakani ta sake rubuta sunan, sai fayil ya iso a matsayin ATT00001.dat, wani lokaci wutsiyar .pdf ta yanke, ya ƙi buɗuwa.

Yanzu yawancin manhajoji suna gane hanyoyin biyu. Tsoron ne bai saki mutane ba. Mai shagon nan ya sake turo takardar da sunan "kididdiga", kuma tun ranar bai ƙara sa lanƙwasa a sunan fayil ba.