Matsayin Jarumta a Soyayya da Neman Aure

Tambaya: A yankinmu na Sara, Gwaram da Birnin Kudu, wasu samari kan shiga shaɗi a sha bulala don budurwa ta san su jarumai ne, wasu kuma su yi faɗa da abokin takara. Shin wannan ce jarumtar da Musulunci ya yaba?

Amsa: Ka sani ɗan'uwa, jarumta ɗabi'a ce abar yabo, amma shari'a ce ke faɗin inda ake sa ta. Shaɗi da faɗa a kan mace ba su halatta ba, domin jikin Musulmi da jininsa haramun ne, kuma Annabi (SAW) ya hana cuta da cutarwa, kamar yadda Ibn Majah ya ruwaito. A hadisin Abu Huraira da ke Bukhari da Muslim, ya bayyana cewa mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi, ba gwanin kokawa ba.

Jarumtar mai neman aure tana wurare huɗu:

1. Kame kai. Annabi Yusuf (AS) ya zaɓi kurkuku a kan alfasha alhali an kulle ƙofofi.

2. Shiga ta ƙofa. Ka tura magabatanka wurin waliyyinta, ka faɗi gaskiyar sana'arka da ƙarfinka. Mai laɓe-laɓe a lungu matsoraci ne.

3. Ɗaukar nauyi. Annabi Musa (AS) ya shayar wa mata biyu dabbobinsu a Madyana, aka yaba shi da ƙarfi da amana, kuma aka ɗaura aurensa bisa aikin shekara 8, in ya so ya cika 10 (Suratul Ƙasas, aya 23 zuwa 28). Ciyarwa, tufatarwa da muhalli su ne filin gwajinka.

4. Haƙuri idan an ƙi ka. Mugisu ya riƙa bin Barira yana kuka a Madina, Annabi (SAW) ya yi masa ceto, ta ce ba ta buƙatarsa, kuma ba a tilasta ta ba (Bukhari). Don haka babu barazana, babu asiri, babu ɓata suna.

Ke ma 'yar'uwa, jarumtarki ita ce ki faɗa wa iyayenki gaskiyar zuciyarki cikin ladabi tun kafin a karɓi sadaki, domin shari'a ta ba ki haƙƙin a nemi izininki. Kada ki auna namiji da tabon bulala, ki auna shi da sallarsa da riƙon amanarsa.

Wallahu a'alamu.