Abincin fursunoni a ranakun Sallah da Kirsimeti

Ciyar da fursunoni a Najeriya nauyi ne a wuyan Gwamnatin Tarayya, kuma 'yan kwangila ne ke kawo kayan abincin. A Disambar 2023, shugaban Hukumar Gidajen Gyaran Hali na lokacin, Haliru Nababa, ya shaida wa sanatoci cewa Naira 750 ake kashe wa fursuna a rana, karen tsaro kuwa Naira 800. A 2024 an ɗaga kuɗin zuwa Naira 1,125, wato Naira 375 a kowane ci, ƙarin da tsadar kasuwa ta riga ta haɗiye. Shi ya sa naman Sallah da shinkafar Kirsimeti galibi daga waje suke shigowa, daga gwamnoni, ƙungiyoyin addini da dangi. Mafi yawan masu cin su shari'a suke jira.