Aska Takwas Ba Ta Taɓa Tsayawa Wuri Ɗaya Ba

Duk sanda Sallah ta ƙarato, ba a rasa dattijo a Ikara ko Maƙarfi ko Kudan da zai yi ƙorafin cewa aikin babbar riga ya lalace. 'Yan zamani, in ji shi, sun karkata aska takwas, sun cusa mata furanni, sun sa mata zare mai walƙiya, har sun ɗora ta a kan rigar matashi da zanen gado. Ƙorafin ba na banza ba ne, domin mutumin da ya girma a ƙasar auduga da baba ya san riga. Sai dai ya ginu a kan zaton cewa an yi wani zamani da zanen ya tsaya cak, kowa na kwafar na kakansa. Tarihin rigar kansa bai yarda da haka ba.

A shimfiɗa tsohuwar riga a tabarma a duba. A ƙirjin hagu, kan babban aljihu, ga asake dogaye masu tsini suna kallon ƙasa. Kusa da su ga gidan biyar. A dama ga tambari yana nannaɗe, wani kuma a baya. A shimfiɗa ta biyu kusa da ita, za a tarar tsawon asaken ya bambanta, cikon da ke tsakaninsu ma haka, wata rigar kuma aska biyu kawai gare ta. Ba hannu ɗaya ke yin riga ba. Masaƙi ya saƙa ƙyallaye sirara, maɗinki ya harhaɗa, mai zane ya fitar da fasalin da alƙalami, sau da yawa malami ko almajiri tunda su ne suka saba da tawada, sannan mai allura ya shafe watanni yana cikewa. Kowanne yana barin ɗanɗanonsa. Zaren ma ba na gida kaɗai ba ne: akwai tsamiya da ake samu daga saƙar tsutsa a daji, akwai kuma alharini ja da fatake ke ƙetaro da shi Sahara daga Tarabulus. Lokacin da Baturen Jamus Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana sayar da rigunan ƙasar Nufe a kasuwa, ana kuma ji da su. Abin da muke kira gadon Hausa zalla, a ƙarni na 19 aiki ne da Bahaushe da Banufe da Bayaraben Ilori suka yi ta musayar dabara a kansa, garuruwan arewacin Zazzau kuma suna cikin masu ba shi auduga da rini.

Sauyi mafi girma na kusa ya zo ne ta hannun mata. Da can aikin riga na maza ne, kamar yadda David Heathcote ya tarar a binciken da ya yi daga Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 rayuwa ta yi tsada, sai matan birnin Zariya suka shiga aikin daga cikin ɗakunansu, lamarin da Elisha Renne ta Jami'ar Michigan ta yi nazari a kai. A 1994 wasu daga cikinsu suka kafa ƙungiya da sunan Sarauniya Amina, suna fitar da zanen riga a kan kayan ɗaki. Macen da ta saba ƙawata zanen gado da reshe da fure, dole hannunta ya nuna idan ta kama aska takwas. Da ba su shiga ba, da gidajen da ake jin ƙamshin wannan sana'a sun ragu sosai.

Mai ƙorafi zai ce to, ai keken aiki da na'ura mai kwamfuta sun cika kasuwa da riguna masu kama ɗaya, kuma wannan ma sauyi ne. A nan yana da gaskiya, amma gaskiyar tana nuna wani wuri dabam. Wadda ta san inda tambari ke zama sannan ta lanƙwasa shi da gangan, ta ƙara wa zanen rai. Na'urar da ke buga fasali guda sau ɗari a kan shadda ita ce ta tsayar da shi cak, wato abin da dattijon ke fata ba tare da ya lura ba. Ciwon yana ga lada: dillali ya kai riga gida, a yi makonni ana tsiyayar da ido, a biya abin da bai kai kuɗin cefane ba, mai sa rigar kuma bai san sunan wadda ta yi ba. Yarinyar da ta ga uwarta a haka ba za ta ɗauki allura ba.

Akwai abin koyi kan wannan matsala a wata ƙasa. A Amurka, matan birnin Baltimore sun shahara a shekarun 1840 da ɗinka barguna masu zanen furanni. Salon ya kwanta, aka farfaɗo da shi a shekarun 1980, kuma a gasar barguna da ake yi a garin Paducah tun 1985 masu ɗinki kan kawo tsofaffin zanuka da sabon fasali, alƙalai su duba tsaftar ɗinki, a rataya aikin da sunan mai shi, a ba da kuɗi mai tsoka. Mu muna da hawan Sallah, inda ake kallon riga a jikin mahayi a manta da mai allura. Ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan, tare da masarautar Zazzau da sashen zane-zane na jami'ar da ke Samaru, suna iya shirya gasar aikin hannu sau ɗaya a shekara: rukuni guda na tsohon fasali, guda na sabo, tsofaffin masu zane su yi alƙalanci, a kira sunan kowace mai aiki a bainar jama'a, a sayi rigar a hannunta kai tsaye.