Ƙaiƙayin kare: wanda abinci ke kawowa da wanda yanayi ke kawowa

Kare mai gadin gida, ko mai bin bisashe daji, ko na farauta, ma'aikaci ne da ba a biyansa sai da tuwo. Idan ƙaiƙayi ya kama shi, yakan kwana yana susa, ya wuni yana lasar ƙafafunsa. Gashi ya zube, fata ta yi miki, ƙudaje su taru. Karen da bai yi barci ba ya rame, kuma ba ya jin motsin ɓarawo ko na dila. Da yawa daga cikin masu karnuka, in abin ya kai haka, sukan kore shi daga gida ko su kashe shi, alhali ciwon yana da magani, kuma sau da yawa maganin ba mai tsada ba ne.

Mene ne wannan ciwo?

Jikin kare, kamar na mutum, yana da garkuwa mai yaƙi da ƙwayoyin cuta. Wani lokaci garkuwar takan yi kuskure. Sai ta ɗauki abin da ba shi da illa, kamar ƙurar furen ciyawa, ko yawun ƙuma, ko wani nama, a matsayin abokin gaba. Daga nan jiki ya saki wasu sinadarai, cikinsu har da wanda ake kira histamin, fata ta yi ja, ta kumbura, ta yi ƙaiƙayi. Wannan shi ne abin da likitoci ke kira alerji. Borin jini da kuka sani a jikin mutum ɗan'uwansa ne. Mutum mai alerji yakan yi atishawa da majina, amma kare galibi a fata da kunne abin ke fito masa.

Ku lura da abu biyu. Na farko, alerji ba ya yaɗuwa daga wannan kare zuwa wancan, ko zuwa ga mutum. Na biyu, ba ya warkewa kwata-kwata. Ana nisanta kare daga abin da ke tayar masa da shi, ana kwantar da ƙaiƙayin, ya rayu lafiya.

Kafin ku ce alerji ne

A nan ne aka fi yin kuskure. A karkararmu, yawancin karnukan da ke susa ba abinci ne ya dame su ba, ƙwari ne. Don haka ku fara da duba jikin kare da rana, a wuri mai haske. Wanda ba ya son taɓa kare da hannu sai ya sa leda.

Ku buɗa gashin gindin wutsiya da na ciki. In kun ga baƙin gari kamar na gawayi, ku ɗebo kaɗan ku sa a kan jiƙaƙƙen farin tsumma. In ya koma ja, kashin ƙuma ne, jinin kare ne da ta sha. Ku duba cikin kunne da wuya da tsakanin yatsu saboda kaska. Ku duba tsakanin yatsun da kyau: daga ƙarshen damana zuwa rani, ƙarangiya takan maƙale a wurin, kare ya yi ta lasa kamar mai ciwo, ƙaya ɗaya ce kawai. Da damana kuma akwai ƙudan da ke yin ƙwai a cikin ƙasa inda kare ke kwanciya. Tsutsarsa takan shiga fata ta yi ƙurji mai ƙaramin rami a tsakiya.

Sai ƙazwa. Wata ƙaramar halitta ce da ido ba ya gani, mai haƙa rami cikin fata. Takan fara daga gefen kunne, da gwiwar ƙafar gaba, da ƙirji, da ciki, kuma ƙaiƙayinta ya fi kowane tsanani. Ita tana yaɗuwa tsakanin karnuka, tana kuma sa wa mutanen gida ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ciki. Makero ma, mai cin gashi a kewaye kamar kwabo, yana kama yara daga jikin kare. Saboda haka, in kare na susa kuma yaran da ke wasa da shi sun fara susa, kada ku tsaya kan alerji. Malamin dabbobi yakan kankare fata kaɗan ya duba da madubin likita. Ƙazwa tana jin magani, irin su ibamektin, amma shi ne zai auna shi bisa nauyin karen. Awon saniya ba na kare ba ne.

Ƙuma da yawunta

Cikin alerjin fata na karnuka, wanda yawun ƙuma ke kawowa yana cikin mafi yawa a duniya. Karen da ke da shi, cizo kaɗan ya isa ya hana shi sukuni kwana da kwanaki, ko da kun duba ba ku ga ƙuma ko ɗaya ba. Alamarsa ita ce zubewar gashi a rabin baya na jiki: gadon baya, gindin wutsiya, bayan cinyoyi.

Ƙumar da ke jikin kare kaɗan ce ƙwarai cikin waɗanda ke gidan. Tamata ɗaya tana iya yin ƙwai 40 zuwa 50 a rana. Ƙwan ba ya manne wa gashi, faɗuwa yake yi a inda kare ke kwanciya. Wajen kashi 95 cikin 100 na zuriyar ƙuma, wato ƙwai da tsutsa da waɗanda ke cikin kwanso, suna ƙasa: ƙarƙashin rumbu, cikin tsohon buhu, a lungun zaure, a gindin randa. In akwai ɗumi da laima, cikin mako 2 zuwa 3 ƙwai ya zama ƙuma mai cizo. Shi ya sa ciwon ke tashi da damana da kaka, ya lafa da bazara, don tsutsar ƙuma ba ta jure zafin rana da bushewa.

Wannan rauni nata shi ne makaminku. Ku share makwancin kare kowane kwana biyu ko uku, ku ƙone sharar. Buhu ko tabarmar da yake kwana a kai, ku wanke ta ku shanya a tsakar rana. Ku sauya masa wurin kwana zuwa busasshen wuri. A wajen masu sayar da magungunan dabbobi akwai na ɗigawa a ƙeyar kare, kamar mai sinadarin fifronil, wanda ake maimaitawa wata-wata. Ku yi wa dukan karnukan gidan a rana ɗaya. In kuna da mussa, ku faɗa wa mai sayarwa, domin maganin kare mai sinadarin fermetirin yana kashe ta.

Wanda yanayi ke kawowa

Wani karen an raba shi da ƙuma da ƙazwa, amma kowace shekara in ciyawa ta yi fure, ko hatsi ya fid da kai, ko iskar hunturu ta taso da ƙura, sai ya koma susa. Wannan gado ne, yana bin jini. Yakan bayyana tsakanin wata 6 da shekara 3 da haihuwa. Fatar irin wannan kare ba ta da ƙarfin tsare jiki, shi ya sa ƙurar fure da ta ɗaki da fumfuna ke ratsa ta. Wuraren da yake kamawa su ne tafin ƙafa, hammata, matsematsi, kewayen ido da baki, da cikin kunne. Za ku ga yana goga fuska a ƙasa, yana kaɗa kai, kunne na wari.

Ba ku iya hana iska kaɗawa. Abin da ke hannunku shi ne rage ƙurar da ke kwana a jikinsa. In ya dawo daga daji da maraice, a shafe ƙafafunsa da cikinsa da jiƙaƙƙen tsumma. A yi masa wanka sau ɗaya a mako da ruwa mai sanyi, don ruwan zafi yana ƙara ƙaiƙayi. Kada a sa garin sabulun wanki, yana cinye maiƙon fata. Karnukan Azawak na arewacin jihar Tahoua, masu siririn jiki da gajeren gashi, fatarsu ba ta da kauri, sai a yi musu a hankali. A bar shi ya bushe sarai, musamman kunne da tsakanin yatsu.

Wanda abinci ke kawowa

Shi ne mafi ƙaranci, amma shi ne mafi wuyar ganewa. Bai san damana ko rani ba, shekara duka kare na susa. Wani lokaci yana haɗuwa da zawo, ko amai, ko yawan kashi. Abin mamaki, ba sabon abinci ne ke kawo shi ba, galibi wanda kare ya daɗe yana ci ne. Wani nazari da aka buga a 2016, wanda ya tattara bayanin karnuka 297 masu wannan ciwo, ya nuna naman sa ne kan gaba da kashi 34 cikin 100, sai madara da danginta 17, kaza 15, alkama 13. Karnukan nazarin ba irin abincin namu suke ci ba. Namu tuwon hatsi ne, da ƙanzo, da fura da nono, da ƙashin da aka jefar. Duk da haka darasin ya shafe mu: a fara zargin nono da nama da burodi kafin a zargi tuwo. Ku kuma sani cewa babban kare da ya sha madara ɗanya ya yi zawo, sau da yawa cikinsa ne ba ya narkar da ita, wannan daban ne da alerji.

Hanyar ganewa ɗaya ce, ita ce gwajin abinci, kuma tana bukatar haƙuri. Ku zaɓi nama iri ɗaya da kare bai saba ci ba, da abin cika ciki iri ɗaya da shi ma bai saba ba. Misali kifi da dankali, ko naman zabo da shinkafa. A dafa da ruwa zalla, ba gishiri, ba magi, ba mai, ba yaji. Shi kaɗai zai ci, da ruwan sha, har mako 8. Da yawa sukan fara samun sauƙi a mako na 5, amma kada ku yanke. In ƙaiƙayi ya kwanta, ku mayar masa da tsohon abincinsa. In ya dawo cikin kwana 14, to abinci ne. Sai a koma kan na gwaji har ya lafa, a riƙa ƙara abu ɗaya-ɗaya, kowane a ba shi mako 2, har a kama mai laifin.

Na san wannan yana da nauyi ga gidan da nama ba kullum ba. Kuma karen da ke yawo cikin gari yana cin abin da ya samu a juji da mahauta, gwajin ba zai yi ba sai an tsare shi, an kuma gargaɗi yara kada su jefa masa loma. Shawarata, kada ku shiga wannan wahala sai kun gama da ƙuma da ƙazwa. Ɗan kwikwiyo mai girma kuwa, kada a tsare shi kan abinci iri biyu ba da shawarar malamin dabbobi ba. In kun fara, ku sami ɗan littafi ku riƙa rubuta rana, da abin da ya ci, da yadda ya kwana. Bayan mako 8 ba wanda zai tuna abin da ya faru ran Talatar farko.

Magungunan gida: masu amfani da masu kisa

Ganyen dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, ana tafasa cikin hannu biyu a ruwa, a tace, a bari ya huce, a ɗauraye kare da shi bayan wanka. Yana ɗan korar ƙwari, amma ba ya kashe ƙwan ƙuma da ke ƙasa, ba ya kuma warkar da ƙazwa mai ƙarfi. Kada a ɗura wa kare mansa. Man kaɗe kaɗan yana taushe busasshiyar fata da tsagewar tafin ƙafa da hunturu, amma ba a sa shi kan miki mai ruwa. Irin wannan miki, a aske gashin kewayensa, a wanke shi sau 2 a rana da ruwan da aka tafasa ya huce, rabin lita da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri. Maiƙon kifi yana ƙarfafa fata yana rage kumburi, sai dai amfaninsa ba ya bayyana sai bayan wata 2 ko 3. Ƙananan kifaye marasa gishiri, sau biyu ko uku a mako, sun isa. Kada a ba shi lokacin gwajin abinci, in ba kifin ne aka zaɓa ba.

Akwai kuma abubuwan da ake yi da kyakkyawar niyya su hallaka dabba. Baƙin man inji da kananzir suna ƙona fata, kare ya lashe su su shiga cikinsa. Maganin ƙwari na gona da piya-piya suna shiga jini ta fata, su kawo dalala da karkarwa da mutuwa, su kuma cuci yaron da ya shafa. Tafarnuwa da albasa, da wasu ke cewa suna korar ƙuma, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Ƙwayoyin ciwon jiki na mutane, irin su ibuforofen da farasitamol, kada ku ba shi da kanku: na farko yana huda ciki ya ɓata ƙoda, na biyu in ya yi yawa yana lalata hanta.

Lokacin zuwa wurin malamin dabbobi

In fata ta yi mugunya ko wari, in kunne na zubar da ruwa, in kare ya daina ci, ko kun yi mako 3 kuna kula ba sauƙi, ku nemi ma'aikatar kiwo ta garinku ko malamin dabbobi mai zaman kansa. Susa takan buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, su ƙara ƙaiƙayi a kan na farko, kuma sai an kashe su kafin fata ta kwanta. Akwai magunguna masu kashe ƙaiƙayi da sauri, dangin kortizon. Suna aiki, amma in aka daɗe a kansu suna kawo ƙishirwa da yawan fitsari, su raunana garkuwar jiki, kuma in wani nau'in ƙazwa ne sai su ƙara shi. Kada ku saye su a tebur. Sababbin magunguna, kamar ƙwayar Apoquel da aka amince da ita a Amurka a 2013, sun fi sauƙin illa, amma suna da tsada.

Karen da zuma ko rina ta harba, fuskarsa ta kumbura, numfashi na yi masa wuya, ba a jira da shi gobe. Karen da kuma ya sauya hali farat ɗaya, yana dalala, yana kai cizo ga abin da ya gani, kada ku kusance shi da sunan wanka ko magani, don yana iya zama haukan kare. A tsare shi daga nesa, a sanar da ma'aikatan kiwo. In ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a kai shi likita a ranar.