Maƙiyan ƙwarin gona

Maƙiyan ƙwarin gona su ne halittun da ke rayuwa da cin ƙwari da ɓerayen da ke ɓarnar amfanin gona. Daga cikinsu akwai gizo-gizo, ƙoƙi-ƙoƙi, zanzaro, kwaɗi, balbela, jemage da mujiya.

Amfaninsu yana ƙaruwa idan ire-irensu suka yawaita, domin kowanne da wurinsa da lokacinsa. Balbela tana tsintar fara da rana, jemage yana kama masu tashi da dare. Kwaɗi suna farauta a ƙasa, gizo-gizo a kan ganye. Idan fari ko cuta ta rage wani iri, saura sukan cike gurbinsa. Sai dai wasunsu kan cinye juna.

Feshin magani barkatai yana hallaka su. A Indunusiya, kashe gizo-gizo da makamantansa ya sa ƙwarin da ke tsotse ruwan shinkafa suka yi ambaliya, har Shugaba Suharto ya haramta magunguna 57 a gonakin shinkafa a 1986.

Shingen itatuwa, haɗa shuka iri-iri da rage feshi suna samar wa maƙiyan ƙwarin mafaka da abinci.