Hanyoyin haɗa wayar hannu ko na'urar MP3 da rediyon mota na asali

Yawancin motocin da ke yawo a titunan Kano da Kaduna da Abuja an shigo da su ne bayan sun yi shekaru ana hawansu a Amurka ko Turai. Wannan ya sa rediyon da ke jikinsu na zamanin kaset da faifan CD ne, alhali abin da mai motar yake son saurara, ko karatun Alƙur'ani ne, ko tafsiri, ko waƙoƙin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo, yana cikin wayar hannu ko filash ko ƙaramar na'urar MP3. Daga nan wasu kan garzaya kasuwa a cire masu rediyon asali a sa wani, a yayyanke wayoyin lantarkin mota, daga baya su zo suna da-na-sani. A mafi yawan lokuta ba a buƙatar hakan. Abin da ake buƙata shi ne mutum ya san wace kafa rediyonsa yake da ita, sannan ya zaɓi hanyar da sauti zai bi ya isa lasifika ba tare da dogon zagaye ba.

Asalin matsalar

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, faifan CD ya biyo baya a 1982, kuma su biyun ne suka mamaye motoci har zuwa farkon wannan ƙarni. A watan Oktoban 2001 kamfanin Apple ya fito da iPod, wanda ya saba wa mutane ɗaukar waƙoƙi masu ɗimbin yawa a aljihu. Masu ƙera motoci ba su yi saurin bin sahu ba, domin ana shafe shekaru ana tsara mota kafin ta fito kasuwa. A 2004 BMW ta haɗa kai da Apple suka samar da mahaɗin iPod a wasu motocinta, sannan sauran kamfanoni suka riƙa sa kafar AUX da ta USB sannu a hankali.

Ana iya ganin wannan a motocin da aka fi hawa a nan. Honda Accord ƙirar 2003 zuwa 2007 ba ta zo da kafar AUX a fili ba, amma ƙirar 2008 ta zo da ita. Toyota Camry ƙirar Amurka ta samu kafar daga 2007, Corolla kuma daga 2009. Don haka shekarar da aka ƙera mota ita ce abin farko da za a duba.

A fara da binciken mota

Kafin a kashe ko kwabo, a duba fuskar rediyon ko akwai maɓallin da aka rubuta AUX ko MEDIA ko DISC. Sau da yawa kafar ba ta jikin rediyon: takan ɓuya a akwatin da ke tsakanin kujerun gaba, ko cikin aljihun dashbod na gaban fasinja, ko kusa da makunnin sigari, an rufe ta da ɗan murfin roba. Akwai masu motar da sukan shekara suna fama da wata na'ura daban, alhali kafar na nan ƙarƙashin gwiwar hannunsu.

Kafar AUX

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi. Kafa ce mai faɗin milimita 3.5, irin ta abin saurare na kunne. Ana samun kebul mai kai biyu, a soka ɗaya a na'ura, ɗaya a mota, a danna AUX. Sautin yana tafiya kai tsaye ta cikin kebul, saboda haka tashoshin rediyo ba sa shiga masa. A zaɓi kebul mai zobe biyu a kansa. Mai zobe uku na makirufo ne, kuma a wasu motoci yakan sa sauti ya fita ta gefe ɗaya ko ya raunana. Ƙa'idar daidaita sauti ita ce a ɗaga muryar na'ura zuwa kusan kashi uku cikin huɗu, sannan a riƙa ƙarawa ko ragewa daga rediyon mota.

Wayoyi da dama na yanzu ba su da wannan kafa. Apple ya cire ta tun daga iPhone 7 a 2016, wasu kamfanoni suka bi baya. Mai irin wannan waya yana da zaɓi biyu: ɗan guntun mahaɗi daga kafar caji zuwa milimita 3.5, ko ƙaramar na'urar Bluetooth da ake sokawa a kafar AUX ta riƙa karɓar sauti daga wayar.

Akwai wata matsala sananniya. Idan ana cajin waya daga makunnin sigari kuma an haɗa ta da AUX a lokaci guda, akan ji wani siririn kuka da ke ƙaruwa duk lokacin da aka taka totur. Rediyon bai lalace ba. Wutar da altaneta ke samarwa ce take samun hanya ta biyu zuwa rediyo ta cikin kebul ɗin. Cire caja yana kawar da kukan nan take, kuma akwai ɗan ƙaramin matacin ƙara da ake sawa a tsakiyar kebul domin a ci gaba da caji ba tare da shi ba.

Kafar USB

Inda mota take da USB, rediyon da kansa yake karanta abin da ke cikin filash, sunan waƙa ya fito a fuskarsa, maɓallan sitiyari su yi aiki. Sai dai tsofaffin rediyoyi suna da tsirfa. Yawancinsu ba sa gane filash sai an tsara shi a tsarin FAT32, kuma MP3 da WMA kaɗai suke karantawa. Wannan ne dalilin da ya sa wa'azin da aka turo a matsayin saƙon murya ta WhatsApp yake ƙin fitowa: tsarinsa Opus ne, sai an juya shi zuwa MP3 a kwamfuta ko wurin masu tura waƙoƙi. Ba a kuma buƙatar babban filash. Sautin MP3 mai matsakaicin inganci yana cin kusan megabait 1 a minti guda, don haka filash mai gigabait 8 yana ɗaukar abin saurare na fiye da awa 130. A lura cewa wasu kafofin USB na caji ne kawai, ba su da alaƙa da rediyo.

Bluetooth na asali

Ganin tambarin Bluetooth a mota ba ya nufin za ta kunna waƙa daga waya. Fasahar tana da sassa: wanda ake kira HFP na amsa kira ne, A2DP kuma shi ne na sauraron sauti. Motoci da dama da aka ƙera kafin 2010 na farkon kaɗai suke da shi, shi ya sa waya takan haɗu, kira ya shigo ta lasifika, amma waƙa ta ƙi fita. Idan motar tana da sassan biyu amma ta ƙi karɓar sabuwar waya, a duba jerin wayoyin da ta riƙe, domin adadin da take ɗauka ƙayyadadde ne, kuma galibi na masu motar na baya ne suka cika wurin. Sai a goge su a sake gwadawa, motar tana tsaye, saboda motoci da yawa ba sa yarda a haɗa sabuwar waya ana cikin tafiya.

Kaset mai kebul

Ga mai tsohuwar mota da gidan kaset ɗinta ke aiki, akwai wani kaset na musamman wanda babu zare a cikinsa, sai ɗan kan maganaɗisu da kebul da ya fito ta gefe. Ana soka shi kamar kowane kaset, a haɗa kebul ɗin da na'ura, kan maganaɗisun ya miƙa sautin ga kan da ke karanta kaset. Yana da araha, kuma sautinsa yakan fi na hanyar FM tsabta. Illarsa ita ce ƙarar juyawar haƙoran ciki, da kuma rediyon da kan riƙa juya shi gefe zuwa gefe ko ya tofo shi waje. Ƙurar hunturu tana taruwa a kan da ke karantawa, don haka goge shi da auduga da ɗan sifirit yana gyara sauti ƙwarai.

Mojuleta ta FM

Ita ce aka fi gani a motocin haya da na gida, domin tana aiki da kowace mota mai rediyo. Ana soka ta a makunnin sigari, ta karɓi sauti daga filash ko memori ko Bluetooth, sannan ta watsa shi a matsayin 'yar ƙaramar tashar FM da ba ta wuce 'yan taku ba. Sai a saita ta da rediyon mota a lamba ɗaya.

Sirrin amfani da ita shi ne neman lambar da babu tasha a kanta ko kusa da ita. Zangon FM yana farawa daga 87.5 zuwa 108, kuma a manyan birane ya cika. A Kano, misali, Freedom tana kan 99.5, Arewa tana kan 93.1, Pyramid tana kan 103.5, ban da wasu masu yawa. Duk wanda ya saita mojuleta dab da ɗayansu zai ji shirinsu yana kutsowa. Lambar da ta yi shiru a Kano tana iya zama ta wata tasha a Zariya ko Kaduna, shi ya sa matafiyi kan ji sauti ya lalace a tsakiyar hanya. Ƙarshen zangon, can ƙasa ko can sama, ya fi zama babu cunkoso.

Ƙasar da mota ta fito ma tana da tasiri. Rediyon motar Amurka yana tsayawa ne kawai a lambobin da suka ƙare da mara, kamar 87.9 da 88.1 da 88.3, don haka idan aka saita mojuleta a 88.0 ba zai kama ta sosai ba. Tsohon rediyon da aka yi don kasuwar Japan kuwa daga 76 zuwa 90 yake aiki, sai a nemi gurbi tsakanin 87.5 da 90. Ta fuskar inganci wannan hanya ita ce ta ƙarshe, domin sautin sai ya bi iska kafin ya isa eriya. A wasu motoci kuma makunnin sigari ba ya mutuwa idan an kashe inji, saboda haka mojuletar da aka bari a soke kwana da kwanaki tana iya janye batir.

Kafar da ke bayan rediyo

Wannan ita ce hanyar da mutane suka fi rashin sani, alhali ta fi dacewa da motocin da ba su da AUX. Rediyoyin asali da yawa na Toyota da Honda da Volkswagen da Peugeot suna da wata kafa a bayansu da aka tanada domin akwatin canza faifai, wanda kan ɗauki CD shida. Akwai ɗan akwatin da ake sokawa a wannan kafa, rediyon ya ɗauka akwatin faifai ne, alhali AUX ko USB ko Bluetooth ne. Yatour da GROM suna cikin kamfanonin da aka sani da ƙera shi. Sautinsa tsaf yake, maɓallan sitiyari suna ci gaba da aiki, kuma ba a yanke waya ko ɗaya. Sharaɗin shi ne a sayi wanda ya dace da kamfanin motar da shekararta, domin bakin kafar ya bambanta, sannan a ba ƙwararren mai wayarin ya zaro rediyon ba tare da ya karya ƙugiyoyin dashbod ba.

A nan akwai gargaɗi. Rediyoyin wasu motoci, musamman Honda, suna kulle kansu idan aka raba su da wutar batir, su nemi lambar sirri da aka sa domin hana sata. Takan zo a wani ɗan kati cikin takardun mota, ko a manne cikin aljihun dashbod. A tabbatar tana hannu kafin a taɓa komai.

Yaushe ya kamata a canza rediyo?

Idan rediyon asali ya mutu, ko mutum yana son allo mai taswira da Apple CarPlay ko Android Auto, canji yana da hujja. Ma'aunin gurbin rediyo iri biyu ne: faɗin milimita 180 da tsayin 50, ko mai ninkin tsayin, wato 100. Amma a motoci irin Accord ta 2003 zuwa 2007, rediyo da maɓallan na'urar sanyaya mota a jiki ɗaya suke, don haka cire shi ba ƙaramin aiki ba ne. Duk inda za a canza, a nace a yi amfani da mahaɗin da ke shiga soket ɗin mota kai tsaye. Wayoyin da aka yanke aka naɗe da salatif su ne kan jawo ƙonewar fiyus, da mutuwar batir cikin dare, wani lokaci har da gobara. A kuma adana tsohon rediyon, domin mai sayen mota yakan fi natsuwa da wadda ba a taɓa mata dashbod ba.

Zaɓi a taƙaice

Mai USB ko Bluetooth mai kunna sauti ya riga ya huta. Mai AUX kebul kawai yake buƙata. Wanda ba shi da ko ɗaya ya binciki kafar bayan rediyo. Idan kuɗi bai kai ba, kaset mai kebul ko mojuleta za su riƙe shi. A gwada duk abin da za a saya a cikin motar, inji yana aiki, kafin a biya. Kada a bar waya ko na'urar MP3 a kan dashbod cikin rana, domin zafi yana kumbura batirinsu. Daga ƙarshe, dokar hanya ta hana amfani da waya ana tuƙi, kuma jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa suna cin tarar masu yin haka. A zaɓi abin da za a saurara tun kafin a tayar da mota, ko a bar wa na zaune a gefe ya riƙa canzawa.