Jar Motar Nan Ta Cikin Talabijin, Da Tsohuwar Fijo Ta Gidan Gado

TAMBAYA: Wannan takarda ta fito ne daga wani mai sauraronmu a cikin garin Daura, Jihar Katsina. Bayan gaisuwa, ya ce ɗansa ya nuna masa wani tsohon wasan Amurka a waya, inda wani dogo mai gashin baki yake tuƙa wata jar mota gajera da ake kira Ferrari, aka kuma gaya masa wai irin waɗannan motoci tsufa ƙara musu kuɗi yake yi. Yana so a ba shi tarihin motar da dalilin tsadarta. Sa'an nan ya ce mahaifinsu, Allah Ya jiƙansa, ya bar Fijo 504 da Basfa a gareji, magada kuwa sun rabu biyu, wasu na cewa a sayar wa 'yan gwangwan a raba kuɗin, wasu na cewa a ajiye ko nan gaba su zama dukiya.

AMSA: To Malam, madalla da wannan tambaya. Kai da ka fito daga garin mahaya, bari mu fara da doki, don da ka duba goshin motar nan da kyau da ka ga akawal ya yi tsaye a kan ƙafafun baya. Wannan shi ne tambarin Ferrari. Asalinsa na wani matuƙin jirgin saman yaƙi ne na Italiya, Francesco Baracca, wanda ya zana dokin a jikin jirginsa, aka kuwa kashe shi a fagen fama cikin 1918. A 1923 wani saurayi mai tseren mota, Enzo Ferrari, ya ci wata gasa kusa da garin Ravenna, ya haɗu da iyayen mamacin, daga bisani uwar ta ce masa ya riƙa sa dokin ɗanta a motocinsa. Shi kuma ya ɗora dokin a kan launin rawaya, watau launin garinsu Modena, inda aka haife shi a 1898.

Ƙungiyar tseren da ya kafa a 1929 ma sunanta Scuderia Ferrari, kalmar scuderia kuwa a bakin Italiyawa barga take nufi. Ka ga ashe tun farko mutumin nan kallon dawaki yake yi wa motocinsa. Da fari motocin kamfanin Alfa Romeo yake tsere da su. Sai a 1947 ya fitar da mota ta farko mai ɗauke da sunansa, daga masana'antarsa da ke ƙauyen Maranello, mai inji silinda 12. Waɗanda suka san shi sun shaida cewa ba sayar da mota ce ta dame shi ba, tsere ne a ransa. Yana ƙera wa attajirai na hawa ne don ya sami abin da zai ciyar da bargar. Da kuɗi suka yi wuya, kamfanin Ford na Amurka ya nemi saye a 1963, ciniki ya watse, har a 1969 kamfanin Fiat ya sayi rabi. Fiat ɗin nan kuwa ba baƙo ba ne a wurinku, shi ne wanda aka riƙa haɗa manyan motocinsa a Kano a zamanin da ake haɗa Fijo a Kaduna da Steyr a Bauchi.

Akwai kishiya, Lamborghini. Mai ita, Ferruccio Lamborghini, tarakta yake ƙerawa. Ana ba da labarin cewa ya kai ƙarar kulocin motarsa wurin Enzo, aka ce masa ya koma ga taraktocinsa, shi kuwa ya yi zuciya ya kafa nasa kamfanin a 1963, ya sa bijimi a tambari. Doki da sa ke nan, har yau suna harara.

Yanzu mu zo ga wasan da ka gani. Sunansa Magnum, P.I., an nuna shi a tashar CBS ta Amurka daga 1980 zuwa 1988, a tsibiran Hawai aka yi shi, dogon nan kuma sunansa Tom Selleck. Motar ita ce Ferrari 308 GTS. Lambar ba ta banza ba ce, tana nufin inji mai lita 3 da silinda 8. Wani abin dariya, a cikin labarin motar ba tasa ba ce, ta maigidan da yake zaune a gidansa ce, ara yake yi, kullum kuma suna cikin faɗa da wakilin gidan a kan makulli. Mu dai mun san kayan aro ba ya rufe katara, amma wannan aron shekara takwas ya yi yana rufewa. Kuma saboda tsawon mutumin, sai da aka rage soson kujera kafin ya zauna, shi ya sa galibi za ka gan shi an cire rufin motar.

Kafin wannan wasa, in ban da masu bin labarin tsere da 'ya'yan masu hannu da shuni, ba kowa ya damu da wace ce 308 ba. Bayansa kuwa, duk mako tana shiga ɗakunan mutane ba sallama, yaran da suka tashi suna kallonta suka ƙulla a ransu. Riƙe wannan, don nan ne rabin amsarka take. Yaron da ke da shekara 12 a 1982, shi ne dattijo mai kuɗi bayan shekara talatin, abin da ya yi sha'awa yana yaro kuma shi yake nema ya saya.

Wasa na biyu, Miami Vice, wanda ya fara a 1984, labarinsa ya fi daɗi. Baƙar Ferrari da ɗan sandan cikin wasan yake hawa da farko jabu ce. An ɗauki motar Amurka mai suna Corvette aka yi mata sabon jiki irin na Ferrari Daytona, kamar dai a ɗaura wa jaki sirdi da jalala. Kamfanin Ferrari ya fusata, ya kai masu ƙera jabun kotu. Daga ƙarshe aka daidaita da masu wasan, a 1986 aka nuna an tarwatsa ta jabun a gaban masu kallo, kamfanin ya ba da sababbin motoci guda biyu samfurin Testarossa, watau mai jan kai, saboda jan fentin da ke kan murfin injinta. Baƙaƙe ne suka zo, aka mai da su farare don su fito sosai a hoton dare. Kamfanin ya gane cewa tallar da talabijin yake yi masa kyauta, ba kuɗin da zai iya sayenta.

To amma shin talabijin ne ke sa tsada? Yana taimakawa, sai dai ba shi ne babba ba. A watan Janairu na 2017 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin motocin da Selleck ya tuƙa a wasan, samfurin 1984, a jihar Arizona, ta tashi dala 181,500. Kuɗi ne masu yawa, sun kuma zarce na 'yan'uwanta da ba su shiga wasa ba sosai. Amma ka gwada da wata Ferrari da ake kira 250 GTO, wadda ba talabijin ne ya yi mata suna ba. Sabuwarta a 1962 dala 18,000 ce. A 2018 aka sayar da guda a gwanjo a kan dala miliyan 48.4, a 2023 kuma wata ta kai miliyan 51.7. Mene ne bambancin? Ita 308 an ƙera wajen dubu 12. Ita kuwa GTO guda 36 ce rak, tsakanin 1962 da 1964, kowace an san lambarta, an san tseren da ta shiga, an san hannun da ta bi tun daga na farko har na yau.

Wannan ba sabon abu ba ne ga mutumin Daura. In aka kawo doki kasuwar Mai'aduwa, mai saye na ƙwarai ba launi kaɗai yake dubawa ba, sai ya tambayi inda aka haife shi, da bargar da ya fito, da wanda ya hau shi. Haka takobin da ake dangantawa da Bayajida, wanda ake ajiye da shi a fada: in aka ɗora a sikeli, ƙarfe ne kamar kowane ƙarfe, labarin rijiyar Kusugu shi ya hana a yi masa kuɗi. Haka ma baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ran 13 ga Fabrairu 1976, tana gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas, da hudojin harsashi a jikinta. Bakanike zai ce a kai ta wurin mai gyaran jiki, alhali da za a toshe hudojin nan an kashe darajarta.

Masu wannan ciniki suna da tsanani a kan asali. Suna son lambar inji da lambar shasi su zama waɗanda motar ta fito da su daga masana'anta. In an taɓa sauya inji, farashi ya faɗi, ko da sabon ya fi tsohon lafiya. Tun 2006 kamfanin Ferrari yana da sashe na musamman mai bincika tsofaffin motocinsa ya ba su takardar shaida, saboda jabu ya yi yawa.

Kuma kada wani ya ruɗe ka cewa farashin hawa kawai yake yi. Da Enzo Ferrari ya rasu ran 14 ga Agusta 1988, sai 'yan kasuwa suka yi caa a kan motocinsa, har da waɗanda suka ci bashin banki suka saya don su ɓoye. A 1989 wani attajirin Japan ya sayi GTO guda a kan fiye da dala miliyan 13. Kasuwa ta karye, a 1994 aka sake sayar da motar nan, kuɗinta bai kai miliyan 4 ba. Wanda ya taɓa ɓoye gero yana jiran bazara, bazara ta zo farashi ya faɗi, ya san irin wannan ciwon. Bugu da ƙari, motar tana ci ko tana tsaye. Bel ɗin injin 308 na roba ne, yana bushewa ko ba a hawa, dole a sauya shi bayan 'yan shekaru, in kuwa ya tsinke yana gudu, inji ya tafi. Ga ta kuma kamar kunkuru, cikinta dab da ƙasa. Ina jin daga Daura zuwa Kano ta Kazaure, tudun rage gudu na farko ne zai raba ta da salansa.

Sai maganar Fijo, kuma a nan ina da albishir ƙarami. Motar mahaifinku da jar motar nan ɗaki ɗaya suka fito. Akwai wani gidan zanen motoci a birnin Turin na Italiya mai suna Pininfarina, shi ya zana 308, shi ya zana Testarossa, shi ne kuma Faransawa suka ba aikin zanen Fijo 404 da 504. Mutumin da ya fitar da siffar 504, Aldo Brovarone, shi ya zana wata shahararriyar motar gidan Ferrari da ake kira Dino. Watau duk fasinjan da ya taɓa matsuwa a bayan wagan daga tashar Daura zuwa Katsina, ko ya ƙetara ta Kongolam zuwa Damagaram, a cikin zanen Italiyawa ya zauna bai sani ba. An fitar da 504 a 1968, aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975, ta kuma ci gasar Safari ta Kenya a wannan shekarar.

Sai dai in gaya maka gaskiya, an ƙera 504 fiye da miliyan uku. Wadda Turawa suke rububi ita ce mai ƙofa biyu, da wadda ake naɗe rufinta, waɗannan kuwa ba su aka saba gani a hanyoyinmu ba. Mai ƙofa huɗu ba za ta mai da ku attajirai ba. Amma kuma ba ta kai ga a sayar da ita a kilo ba, in dai jikinta na nan, don kullum raguwa suke yi, 'yan gwangwan sun cinye da yawa. Kuna kuma da wata sa'a: babban abokin gabar tsohuwar mota a Turai tsatsa ce, saboda danshi da gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara, ƙasar Daura kuwa busasshiya ce. Naku maƙiyan su ne rana, mai cin roba da fenti, da ɓera mai cin waya da soso.

Basfa ma 'yar Italiya ce, sunanta na asali Vespa, watau zanzaro, saboda siririn ƙugunta da ƙarar injinta. Kamfanin Piaggio ya fitar da ita a 1946, wani fim na 1953 mai suna Roman Holiday ya yi mata irin abin da Magnum ya yi wa 308. Dattawa za su tuna yadda malaman makaranta da ma'aikatan En'e suka yi yayinta, musamman da kuɗin Udoji suka shigo a 1975. Tana da masu nema har gobe, ita ce kuma ta fi sauƙin tayarwa. Ka duba tambarin da kyau, domin kamfanin Bajaj na Indiya ma ya ƙera irinta, masu saye kuwa sun fi biyan ta Piaggio.

Rabon gado aikin malamai ne, ba namu ba. Abin da zan ce kawai, kafin ɗan gwangwan ya zo da guduma, a kira bakanike tsoho wanda ya san Fijo, da dillalin mota, kowa ya faɗi nasa farashin, in akwai mai so cikin magada ya saya a hannun sauran. A nemo takardun motar, da rasit ɗin saye in yana nan, da tsohuwar lamba, da duk hoton da marigayin ya ɗauka da ita, ko na ranar Sallah ko na Gani, a haɗa wuri guda. A rubuta lambar inji da ta shasi. Kada a yi mata sabon fenti tukuna, kuma kada wani ya ɗauko batir ya ce zai gwada tayar da ita da tsohon man da ya yi shekaru a ciki. A ɗaga ta a kan bulo tayoyin su huta, a rufe ta daga rana, a sa maganin ɓera a ƙarƙashin kujeru.